Waƙoƙin Carpenters: An Raina Su, Sun Ƙi Mutuwa

A shekarar 1970 Amurka ba ta da kwanciyar hankali. Yaƙin Biyetnam yana cin samari, ɗalibai suna zanga-zanga daga wannan jami'a zuwa waccan, a watan Mayu ma dakarun jihar Ohio suka bindige ɗalibai huɗu a jami'ar Kent State. Kiɗan da matasa ke yayi a lokacin shi ne rok, kiɗan ƙara da kururuwa da bijire wa manya. Ana cikin wannan ƙura sai ga wani saurayi da ƙanwarsa, shigarsu ta kamala, ba tsalle ba ihu, sun fito da wata waƙar soyayya mai sanyi da ake kira "Close to You". A watan Yuli ta haye saman jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa na mujallar Billboard, ta kuma yi mako huɗu ba a sauke ta ba.

Richard Carpenter ke nan da ƙanwarsa Karen, waɗanda aka sani da Carpenters. Sama da shekara hamsin ke nan da faruwar wannan, Karen ta fi shekara arba'in a kabari, da yawa daga cikin mawaƙan da aka yi ta kambamawa a zamaninsu an manta da su, amma har gobe ana sa waƙoƙin Carpenters a wajen biki da gidajen rediyo da shaguna, daga Landan har Manila. Abin da nake son faɗa shi ne, masu sharhin kiɗa na wancan lokaci sun zalunci waɗannan 'yan'uwa biyu, kuma zaluncin ya wuce kan mawaƙan, ya taɓa miliyoyin mutanen da ke sauraronsu. Duk wanda ya ce waƙa ta banza ce don kawai ta yi sanyi, a fakaice yana cewa ne mai sauraronta bai san abin da yake yi ba. Ni kuwa ban yarda da haka ba.

Mu fara da aikin kansa, domin a nan ne masu raini suka fi yin kuskure. An haifi Richard a 1946, Karen a 1950, dukkansu a garin New Haven na jihar Connecticut. A 1963 iyayensu suka kwashe su zuwa Downey, kusa da Los Angeles, babban dalili kuwa shi ne a kai Richard inda harkar kiɗa take, don tun yana ƙarami aka ga yana da hannu a fiyano. Ba wanda ya sa rai da Karen. A makarantar sakandare ta shiga ƙungiyar makaɗa, ta ga ganga, ta kamu da sonta, ta dinga koyon salon makaɗan jaz irin su Joe Morello har hannunta ya faɗa. A 1966 ita da yayanta da wani abokinsu suka ci gasar makaɗa a dandalin wasa na Hollywood Bowl, kuma kiɗan jaz suka yi, Karen tana kan ganga. Sai a watan Afrilun 1969 Herb Alpert ya ɗauke su a kamfaninsa na faifai mai suna A&M. Faifansu na farko bai yi kasuwa ba. Alpert bai sallame su ba, sai ma ya miƙa wa Richard wata tsohuwar waƙa ta Burt Bacharach da Hal David wadda tun 1963 mawaƙa ke gwada ta ba ta tashi ba, wato "Close to You".

Abin da Richard ya yi da wannan waƙa shi ne sirrin gidan gaba ɗaya. Shi gwanin shirya kiɗa ne, wato mutumin da ya san inda fiyano zai shiga, inda ƙaho zai amsa, inda kowa zai yi shiru a bar murya ita kaɗai. Yana kuma da wata dabara da ya koyo daga faifan mawaƙa Les Paul da Mary Ford: a ɗauki muryarsa da ta Karen, a sake ɗauka a ɗora a kai, a sake, a sake, har mutum biyu su koma taron 'yan amshi. A yau kwamfuta tana sauƙaƙa wannan. A wancan lokaci kuwa a kan zaren kaset ake yi, kowace murya sai an rera ta da baki, kuma in ta kauce ko da ɗan kaɗan sai a sake daga farko. Suna kuma aiki da manyan makaɗan sutudiyo na Los Angeles, irin su Hal Blaine da Joe Osborn. Wanda ya saurari faifan nan da kunnen mai sana'a ya san ba wasa aka yi ba.

Kunnen Richard wajen tsinto waƙa ma abin a jinjina ne. "We've Only Just Begun" tallar wani banki ce a Kalifoniya, wadda Paul Williams da Roger Nichols suka rubuta. A talabijin ya ji ta, ya gane akwai cikakkiyar waƙa a ciki, ya neme ta. Ta kai mataki na biyu a 1970, daga nan ta zama waƙar da ake sa wa ango da amarya a Amurka shekara da shekaru. Masu suka sun riƙe wannan a matsayin hujja: ga su nan, 'yan talla ne. Ni a ganina hujjar tana gefen Richard. Ganin zinariya a inda kowa ke ganin talla ai shi ne gwaninta.

Amma duk wannan shiri da bai kai ko'ina ba in ba don muryar Karen ba. A lokacin da yawancin mata mawaƙa ke neman hawa sama su nuna ƙarfin maƙogwaro, ita ƙasa ta sauka. Muryarta mai kauri ce, mai zurfi, tana kuma rera waƙa daf da makirufo, ba ta ɗaga sauti, har kana jin numfashinta. Sai ka ji kamar wata yayarka ce ta zauna kusa da kai a kan tabarma bayan kowa ya yi barci, tana gaya maka abin da ke damunta a hankali don kada ta tashi yara. Tana furta kowace kalma tsaf, ba ta haɗiye harafi. Kasancewarta makaɗiya ya sa ta san daidai inda kalma za ta sauka a kan kiɗa, da inda za ta ɗan jinkirta ta. Sannan akwai wani abu da ba a koya a makaranta: ko waƙar farin ciki take yi, akwai ɗan baƙin ciki kwance a ƙarƙashin muryar. Tana da wajen shekara ashirin da ɗaya ta rera "Superstar" da "Rainy Days and Mondays", amma in ka rufe ido sai ka rantse mace ce da ta ga duniya.

Wannan baƙin cikin shi ne masu sharhi ba su ji ba, ko kuma suka ƙi ji. Sun tsaya a kan hoton bangon faifai, inda aka jera wa da ƙanwa suna murmushi, hotunan da Richard kansa ya sha faɗa cewa bai so su ba. Suka yanke hukunci cewa wannan kiɗan iyaye ne, kiɗan masu tsoron canji, kiɗan da ake sawa a ɗakin jiran likita. Da aka gayyace su Fadar White House a watan Mayun 1973, suka yi wasa a gaban Shugaba Nixon da baƙonsa Willy Brandt, shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma, Nixon ya yabe su a matsayin abin koyi ga matasan Amurka, sai abin ya zama tambari a goshinsu. A idon matasan da ke adawa da yaƙi, yabon Nixon zagi ne.

Ba zan ce duk sukar ƙarya ce ba. Akwai waƙoƙinsu da zaƙi ya yi musu yawa, musamman daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa gaba, lokacin da gajiya da yawan tafiye-tafiye suka fara nunawa a aikinsu. Gaskiya ne kuma ba su taɓa buɗe baki kan yaƙi ko wariyar launin fata ba, a zamanin da mawaƙa irin su Marvin Gaye suka sa sana'arsu cikin haɗari don su yi magana. Wanda ya ce yana son mawaƙi ya tsaya wa al'ummarsa, ina girmama ra'ayinsa. Inda na rabu da shi shi ne inda ya mai da wannan ma'auni guda tilo. Rayuwar ɗan Adam ba a kan titi kaɗai take ba. Uwar da ɗanta ke fagen yaƙi, da ta dawo daga zanga-zangar ko ba ta je ba, dare zai yi, za ta zauna ita kaɗai a ɗaki. Kaɗaici da begen wanda ya tafi da tsoron gobe su ma gaskiya ne, kuma wanda ya iya sa su a waƙa ya yi wa mutane hidima.

Su ma ba su kasance masu tsoron gwaji kamar yadda aka zana su ba. A 1972 Richard ya sa Tony Peluso ya kaɗa jitar lantarki mai kaushi a tsakiyar "Goodbye to Love", waƙar da ta faro a sanyaye. Wasu masoyansu suka fusata har suka rubuto wasiƙun zagi. Amma wannan haɗi na murya mai taushi da jita mai gurnani shi ne ya zama salon da manyan ƙungiyoyin rok suka ci abinci da shi a shekarun 1980. Waɗanda suka yi wa Carpenters dariya, 'ya'yan gidansu ne suka zo suka kwaikwaye su.

Akwai wani abu a ƙarƙashin wannan raini da ya kamata a kira shi da sunansa. Masu rubuta sharhin rok a lokacin galibinsu maza ne matasa, masu sauraron Carpenters kuwa akwai mata da yawa, da iyaye, da ma'aikatan da ba su da lokacin zama 'yan tawaye. Abin da mata ke so, sau da yawa sai a ce ba shi da nauyi. Mu ma nan gida ba baƙon hali ba ne a wurinmu. Littattafan soyayya da suka cika kasuwa tun daga shekarun 1980, waɗanda mata da yawa suka rubuta kuma mata suka fi karantawa, an yi musu laƙabin adabin kasuwar Kano cikin raini, sai daga baya masana suka dawo suna nazarinsu a jami'a. Ba ina cewa duk abin da jama'a suka so mai kyau ne ba. Ina cewa ne kafin ka yi watsi da abin da miliyoyin mutane suka rungume, ka tsaya ka tambayi kanka ko akwai abin da suke ji wanda kai ba ka ji ba.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Da zamanin yayi ya wuce sai aka ga abin da ya saura. Sun ci kyautar Grammy uku, waƙoƙinsu uku sun hau mataki na ɗaya a Amurka, tarin waƙoƙinsu da aka fitar a 1973 ya yi mako 17 a saman jerin faifai na Birtaniya, ana kuma ƙiyasta sun sayar da faifai wajen miliyan 100 a duniya. Amma ni abin da ya fi burge ni shi ne inda waƙoƙin suka je suka yi gida. A Japan an karɓe su hannu bibbiyu tun suna kan ganiyarsu. A rangadinsu na 1974 Karen ta rera waƙa da Japananci tare da yara 'yan amshi. Shekara goma sha biyu bayan rasuwarta, a 1995, wani wasan kwaikwayo na talabijin a ƙasar ya yi amfani da waƙoƙinsu, sai matasan da ba a ma haife su ba lokacin da aka yi waƙoƙin suka ruga kasuwa, tarin da aka fitar a shekarar ya sayar da fiye da miliyan biyu. A ƙasar Sin, "Yesterday Once More" tana cikin waƙoƙin Turanci da aka fi sani tun bayan da ƙasar ta buɗe ƙofarta, mutane da yawa da ita suka koyi furta Turanci. A Filifins kuwa da wuya a yi zaman karaoke, inda na'ura ke sa kiɗa mutane suna rera waƙar da kansu, ba a taɓo su ba.

Waɗannan mutane ba ruwansu da Nixon, ba ruwansu da wa ya waye wa bai waye ba a Los Angeles. Ba su ga rigimar ba, murya kawai ta iso musu, suka kuma yi mata hukunci da kunnuwansu. A wurina wannan ita ce shaida mafi ƙarfi. Waƙar da ta dogara da yayi, in ta tsallaka teku sai ta mutu a hanya, domin yayin bai bi ta ba.

Hatta gidan rok ɗin ya dawo ya ba da haƙuri, ko da bai faɗa da baki ba. A 1990 ƙungiyar Sonic Youth, waɗanda ke cikin masu kiɗa mafi kaushi a New York, suka yi waƙa sukutum don tunawa da Karen. A 1994 aka fitar da faifan girmamawa inda su da Cranberries da Sheryl Crow da 'yan matan Shonen Knife na Japan da wasu suka sake rera waƙoƙin Carpenters. Yaran da suka taso suna jin waƙoƙin a motar iyayensu sun girma, sun daina jin kunyar cewa suna so.

Sai dai ba zai yiwu a yi maganar wannan gado a tsallake abin da ya ci ba, kuma a nan ne zuciyata ke yin nauyi. Karen ta ɗauki kanta a matsayin makaɗiyar ganga da ke yin waƙa. Bayan gangunanta take jin daɗi, nan take da iko. Da suna ya zo, sai aka ce jama'a ba sa ganinta, a fito da ita gaba. Aka raba ta da sandunanta a mafi yawan wasa, aka tsayar da ita a tsakiyar dandali, fitilu a kanta, idon dubban mutane a jikinta. A sutudiyo ma sau da yawa wani ake kira ya kaɗa, ko da yake ita ta kaɗa kusan dukkan gangar faifansu na 1973 mai suna Now & Then, kuma duk wanda ya saurara ya san ba alfarma aka yi mata ba. Ba na cewa wannan kaɗai ne ya jawo ciwonta, don cuta irin tata tana da saiwoyi da yawa. Amma mace ce da kusan kowane babban hukunci na rayuwarta wani ne ya yanke mata: me za ta rera, ina za ta tsaya, yaya za ta fito.

Ta fara rage cin abinci don ta rame, abin ya zarce ya zama cutar anoreksiya, wadda ke sa mutum ya ƙi abinci yana ganin kansa da ƙiba alhali ƙashi ne da fata. A 1975 nauyinta ya sauka zuwa wajen kilo 41, jiki ya gaza, aka soke rangadin Turai da Japan. Richard shi ma yana fama da nasa, ya kamu da ƙwayoyin barci har sai da ya shiga asibiti a farkon 1979. A wannan tsakani ne Karen ta tafi New York ta yi faifai nata na kanta tare da mai shirya faifai Phil Ramone, karo na farko da ta zaɓi abin da take so. Da ta kawo, kamfani da yayanta ba su yi na'am ba, aka ajiye shi a kabad. Ta yi aure a 1980, auren bai yi daɗi ba. Ta nemi magani a New York a 1982. Ranar 4 ga Fabrairun 1983 zuciyarta ta tsaya a gidan iyayenta da ke Downey, tana da shekara 32.

Kafin rasuwarta, Amurkawa da yawa ba su ma taɓa jin sunan wannan cuta ba. Mutuwarta ce ta sa aka fara magana a fili, iyaye suka fara lura da 'ya'yansu mata, wasu fitattun mata suka fito suka ce su ma suna fama. Wannan ma gado ne, ko da yake ba wanda zai so ya bar irinsa. Kada kuma mu ɗauka abin na Turawa ne kawai. A wurinmu matsin ya fi zuwa ta ɗaya gefen: 'yan mata na shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe don su yi ƙiba, suna shafa man bilicin don su yi fari, duk don wani ya ce jikin da Allah ya ba su bai isa ba. Ciwon ɗaya ne, kuma ana jin sa tun kafin a san sunansa.

Wasu sukan ce labarin mutuwar ne ya raya waƙoƙin, wato tausayi ne ke sa a saurara. Ban yarda ba. Yaron da ya ji muryarta a shagon shayi a Shanghai bai san ta mutu ba, bai ma san sunanta ba, amma ya tsaya. Abin da labarin ya yi shi ne ya tabbatar wa masu shakka cewa baƙin cikin da ke cikin muryar ba na kwaikwayo ba ne. Masu sauraro na gari sun riga sun ji shi tun 1970. Ina kuma jin tsoron a mai da Karen labarin cuta kawai, a manta cewa ƙwararriya ce da ta san aikinta ciki da waje. Wannan ma wani nau'in raini ne, ko da ya zo da rigar tausayi.

Game da Richard, mutane sun rabu. Wasu na ganin shi ne ya danne ƙanwarsa, wasu na ganin shi ne ya gina ta. Ina ganin duka biyun akwai ƙamshin gaskiya, kuma ba na jin wani na waje zai iya raba su. Ba don shi ba da wataƙila muryar ba ta sami gidan da ya dace da ita ba. Shi ne kuma ya kwashe shekara arba'in yana tsare da kayan, yana sake tace su, har a 2018 ya ɗora musu kiɗan ƙungiyar Royal Philharmonic a sutudiyon Abbey Road da ke Landan. Ni dai na fi son na asali, don yawan gyara yakan shafe ɗan tabon da ke nuna hannun mutum. Amma na yaba masa da ya saki faifan Karen na kanta a 1996, ko da an makara da shekara goma sha shida. Wanda ya saurare shi zai ji mace tana gwada muryarta a wasu hanyoyi, wani wuri ta dace, wani wuri ba ta dace ba. Haƙƙinta ne ta gwada, kuma da an bar ta tana raye ta ji abin da jama'a za su ce.

Saura magana ɗaya da har yanzu ba a gyara ba. Zauren karrama mawaƙa na Rock and Roll Hall of Fame da ke Cleveland ya shigar da ABBA a 2010, ya shigar da Dolly Parton a 2022, don haka ba za a ce sai mai kiɗan rok zalla ake ɗauka ba. Carpenters sun cika sharaɗin shekaru tun tsakiyar shekarun 1990, amma har yau ba a kira su ba. Ban ga wani dalili ba in ba ragowar tsohon rainin nan ba. Ya kamata a shigar da su tun Richard yana da rai, ya karɓa da hannunsa a madadin su biyu. Ranar da za a yi haka kuma, ina fata a nuna wa taron hotunan bidiyon Karen tana kan ganga, a kuma rubuta sana'arta yadda ita ta jera ta: makaɗiya, sannan mawaƙiya.